Masana'antu da Bunƙasar Tattalin Arzikin Ƙasashe Masu Tasowa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka tayar da zancen yadda ƙasa matalauciya za ta tsaya da ƙafafunta, akwai tambayoyin da ɗalibai da 'yan kasuwa da masu bibiyar manufofin gwamnati ba sa gajiya da maimaita su. Su ne aka tattaro a nan, an fara da na tushe kafin a shiga masu zurfi.

Me ake nufi da bunƙasa masana'antu? Gina masana'anta ɗaya ko biyu ya wadatar?

Bai wadatar ba. Abin da ake nufi shi ne sauyin da tattalin arzikin ƙasa yake yi sannu a hankali, inda jama'a da jari suke tashi daga noman ci da haƙo ma'adinai a sayar da su ɗanye, su koma sarrafa kaya da ƙera su da injina. Ana gane wannan sauyi ta hanyar duba kason da masana'antu suke da shi a cikin jimillar abin da ƙasa ke samarwa a shekara, da yawan ma'aikatan da suke ɗauka, da kuma irin kayan da ƙasar ke fitarwa waje. Ƙasa tana iya mallakar katafariyar masana'anta guda wadda injinanta da injiniyoyinta da kayan gyaranta duk daga waje suke zuwa, alhali sauran tattalin arzikinta yana nan yadda yake tun kaka da kakanni. Irin wannan ƙasa tana da gini, amma ba ta fara tafiyar ba tukuna.

Me ya sa masana tattalin arziki suke fifita masana'antu a kan sauran sassa?

Babban dalili shi ne yawan abin da mutum ɗaya yake iya samarwa a sa'a guda. Manomin da ke aiki da ƙarfin damtsensa a ƙaramar gona, ko mai talla a bakin titi, komai himmarsa akwai iyakar da ba zai wuce ba. Idan wannan mutumin ya shiga masana'anta mai injina da tsarin aiki, abin da hannunsa ke fitarwa yakan ninka sau da yawa ba tare da ya ƙara shekarun karatu ba. Arthur Lewis, ɗan tsibirin Saint Lucia wanda ya sami lambar Nobel a 1979, ya bayyana wannan tun a 1954: a ƙasa matalauciya akwai ɗimbin mutane a karkara waɗanda ko an janye su noman ba zai ragu sosai ba, kuma sauya musu wurin aiki zuwa masana'antu shi ne yake ɗaga arzikin ƙasa gaba ɗaya.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi, shi ne koyo. A masana'antar ɗinki, wani wuyan riga kaɗai yake haɗawa, wani hannu, wani maɓalli, sannan akwai wanda aikinsa shi ne ya juya kowace riga ya duba ɗinkin kafin a naɗe ta. Idan mai saye a wata nahiya ya buɗe kwantena ya tarar girman rigunan bai yi daidai da abin da aka yi alkawari ba, zai mayar da kayan, ba zai sake odar wasu ba. Wannan matsin ne yake koya wa manaja lissafin lokaci, ya koya wa makaniki gyaran inji kafin ya tsaya, ya koya wa akanta bin diddigin kowane ƙyalle. Irin wannan sani ba a samunsa a aji, kuma da zarar ya zauna a kan mutane, suna tafiya da shi duk inda suka koma aiki.

Bayan haka akwai sarƙar da masana'anta ke ja: masu kawo mata ɗanyen kaya, direbobi, masu kwali da leda, bankuna, masu gyaran lantarki. Kayan masana'anta kuma ana iya sayar da su a kasuwar duniya, saboda haka ƙanƙantar kasuwar gida ba ta daƙile su, suna kawo kuɗaɗen waje, kuma sun fi sauƙin karɓar haraji fiye da ƙananan sana'o'in da ba su da rajista.

Akwai ƙasar da ta fita daga talauci ta wannan hanya a zamanin nan, ko labarin Turai ne kawai?

Juyin masana'antu ya fara ne a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, da masaƙu da injin tururi, amma hujjojin da suka fi shafar ƙasashe masu tasowa daga Gabashin Asiya suka fito. A farkon shekarun 1960 matsakaicin kuɗin shigar mutum ɗaya a Koriya ta Kudu bai kai dala 200 a shekara ba, ƙasar kuma ba ta daɗe da fitowa daga yaƙi ba. Ta fara shirin raya ƙasa na shekaru biyar-biyar a 1962, ta soma da tufafi da gashin kanti da katako, ta haura zuwa ƙarafa da jiragen ruwa da motoci a shekarun 1970, daga baya ta kai ga kayan lantarki. A 1996 ta shiga ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki, yau kuma kuɗin shigar mutum ɗaya ya haura dala 30,000.

Sin ta fara gyare-gyarenta a 1978 a ƙarƙashin Deng Xiaoping, ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, kuma yanzu kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da masana'antun duniya ke samarwa daga can yake fitowa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a ƙasar cikin shekaru 40. Ba masana'antu kaɗai suka yi wannan aiki ba, domin gyaran noma ne ya share fage.

Ƙasar da Allah ya hore wa man fetur ko ma'adinai, me za ta yi da wahalar masana'antu?

Ɗanyen kaya ba mai shi ne yake yanka masa farashi ba, kasuwar duniya ce. Yau ya hau, gwamnati ta ɗauki ma'aikata ta fara manyan ayyuka, gobe ya faɗi, a rasa albashi. Tun a 1950 masana tattalin arziki Raúl Prebisch da Hans Singer suka yi nuni da cewa a tsawon lokaci farashin ɗanyen kaya yakan ja baya idan aka gwada shi da na kayan masana'anta, wato mai sayar da auduga sai ya riƙa ƙara yawan dila kafin ya sayi inji iri ɗaya. Haƙar mai kuma jari mai yawa take ci, ma'aikata kaɗan take ɗauka.

Akwai wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa. Idan kuɗaɗen waje suka kwararo daga mai, darajar kuɗin ƙasa takan tashi, kayan waje su yi arha, na gida su kasa gogayya ko a gida ko a waje. An lura da haka a Holan bayan gano iskar gas a Groningen a 1959, kuma ƙasashe masu arzikin mai da dama sun ɗanɗana irinta. Indonesiya ta gwada wata hanya: daga Janairun 2020 ta haramta fitar da ɗanyen ma'adinin nikel, abin da ya tilasta wa masu saye, galibi kamfanonin Sin, gina masana'antun narkarwa a cikin ƙasar, musamman a tsibirin Sulawesi. Darajar abin da take fitarwa ta ƙaru ƙwarai, sai dai Tarayyar Turai ta kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, an yanke hukunci bai yi wa Indonesiya daɗi ba a 2022, kuma yawancin masana'antun da kwal suke aiki. Dabarar ta ci ne domin Indonesiya tana riƙe da babban kaso na nikel ɗin duniya. Ƙasar da masu saye za su iya juya mata baya su nufi maƙwabciyarta ba za ta sami irin wannan sakamako ba.

Ke nan sai a yi watsi da noma?

Ko kusa. Jafan da Koriya ta Kudu da Taiwan duk sun yi gyaran mallakar filaye a ƙarshen shekarun 1940 da farkon na 1950, aka mallaka wa manoma gonakin da suke nomawa, amfanin gona ya ƙaru. Manomin da ya sami rara shi ne mai sayen keke da tufafi da taki, wato shi ne kasuwar farko ta masana'antun gida, shi ne kuma yake sa ɗansa a makaranta. Idan abinci ya yi tsada a birane, dole albashi ya tashi tun masana'antu ba su yi ƙarfi ba, kuɗaɗen wajen da za a sayi injina da su kuma su tafi wajen shigo da hatsi.

Da wace irin masana'anta ya kamata a fara?

Yawancin ƙasashen da suka yi nasara da masu sauƙi suka fara, waɗanda ke cin ma'aikata da yawa da jari kaɗan: ɗinki, saƙa, takalma, haɗa kayan lantarki, sarrafa amfanin gona. Labarin Bangladash ya isa misali. A 1979 kamfanin ɗinki na Desh ya tura ma'aikata 130 Koriya ta Kudu domin su koyi aiki a wajen kamfanin Daewoo. Bayan sun dawo, mafi yawansu sun bar Desh sun kafa nasu kamfanonin ko sun jagoranci wasu. Yau tufafi sun haura kashi 80 cikin ɗari na abin da ƙasar ke fitarwa, kuma kimanin mutum miliyan 4 ne ke aiki a fannin, akasarinsu mata.

Manyan masana'antu kamar na ƙarafa suna da jan hankali ga shugabanni, amma haɗarinsu babba ne. Koriya ta kafa kamfanin ƙarafa na POSCO a 1968 duk da cewa Bankin Duniya bai goyi bayan aikin ba, ta samo kuɗin daga Jafan, aka fara narka ƙarfe a 1973, kamfanin ya zama ɗaya daga cikin mafi inganci a duniya. Najeriya ta fara gina kamfanin mulmula ƙarafa na Ajaokuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, kuma an shafe shekaru fiye da 40 bai kai ga aikin da aka gina shi dominsa ba. Buri iri ɗaya ne, bambancin yana ga shugabanci, da ɗorewar manufa, da kuma samun masana'antun jiragen ruwa da motoci da ke jiran ƙarfen a Koriya.

Ya kamata gwamnati ta kare masana'antun gida da haraji ko hana shigo da kaya?

Wannan ita ce tambayar da aka fi ja-in-ja a kanta, kuma tarihi yana ba kowane ɓangare abin kafa hujja. Ƙasashen da daga baya suka riƙa wa'azin ciniki ba shinge sun kare masana'antunsu lokacin da suke tasowa. Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, ya gabatar wa majalisar Amurka rahoto a 1791 yana neman a tallafa wa masana'antun gida, masanin tattalin arziki Friedrich List ya yi irin wannan kira a Jamus a 1841, kuma Amurka ta riƙe harajin shigo da kaya mai tsanani a mafi yawan ƙarni na 19. Hujjar a bayyane take: sabon kamfani ba zai iya karawa da wanda ya shekara 50 yana aiki ba, sai an ba shi lokacin koyo.

Amma Latin Amurka ta gwada kariyar tun daga shekarun 1950, Brazil da Ajantina da Meziko suka rufe kasuwanninsu domin a riƙa ƙera a gida abin da ake shigowa da shi. An sami bunƙasa na wani lokaci, musamman a Brazil, sai dai kamfanoni da yawa sun kwanta a bayan katangar haraji suna sayar wa jama'a kaya masu tsada marasa inganci, suna kuma dogara ga injina da kayan gyara daga waje. Da rikicin bashi ya ɓarke a Meziko a 1982, raunin tsarin ya fito fili.

Koriya da Taiwan ma sun kare nasu, amma da sharaɗi. A Koriya, rance mai sauƙin ruwa da lasisin shigo da injina suna tafiya ne da adadin kayan da kamfani ya sayar a ƙasashen waje, wanda ya gaza kuma a janye masa, wani lokaci a bar shi ya rushe ko a miƙa shi ga wanda ya fi shi iyawa. Kasuwar waje ta zama alƙalin da ba a iya ba shi cin hanci. Kariya kamar shayarwa ce, tana da amfani matuƙar an san ranar yaye. Inda aka ba da ita don kusanci da masu mulki, babu sharaɗi babu wa'adi, talaka ne yake biya ta hanyar tsadar kaya, masu fasa-ƙwauri kuma su ci riba.

Me ya sa masana'antu da yawa a Afirka suka durƙushe bayan an kafa su?

Bayan samun 'yancin kai ƙasashe da dama sun kafa masaƙu da masana'antun haɗa motoci da na siminti, yawancinsu mallakar gwamnati, masu dogaro ga kariya da kuɗaɗen ɗanyen kaya. Da farashin ɗanyen kaya ya faɗi a shekarun 1980, bashi ya yi katutu, Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka gindaya sharuɗɗan gyaran tattalin arziki: karya darajar kuɗi, janye tallafi, buɗe iyakoki. An buɗe ƙofar gaba ɗaya cikin gaggawa ga kamfanonin da ba a taɓa horar da su a kan gogayya ba, daga baya kuma kayan Asiya masu arha da gwanjon tufafi suka mamaye kasuwa. Ɗora laifin duka a kan waɗannan hukumomi ba adalci ba ne, domin rashin iya gudanarwa da rashin wuta sun riga sun raunana da yawa daga cikinsu, amma yadda aka yi gyaran ya kashe har waɗanda za a iya cetowa. A yau kason Afirka a masana'antun duniya yana wajen kashi 2 cikin ɗari.

Waɗanne abubuwa ne dole a tanada kafin masana'antu su tsaya?

Wutar lantarki ce kan gaba. A masana'antar roba, idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, narkakkiyar robar takan daskare a cikin inji, sai an kwance shi an ƙanƙare, an zubar da abin da ya lalace, an jira ya sake yin zafi, ma'aikata kuma suna zaune ana biyansu. Mai masana'antar da ya koma ga janareta ya tsira daga wannan, amma kuɗin man da yake ƙonawa ya shiga farashin kayansa, abokin gogayyarsa na wata ƙasa kuwa ba ya ɗauke da wannan nauyi. Kimanin mutum miliyan 600 ne ba su da lantarki a Afirka kudu da Sahara, kuma wannan kaɗai ya bayyana abubuwa da yawa.

Sai tashar jiragen ruwa da ba ta riƙe kwantena makonni, da hanyoyi da layin dogo, da rance mai dogon zango, domin ba a gina masana'anta da bashin da za a biya cikin wata shida. Ana buƙatar ma'aikata masu ilimin firamare da sakandare mai inganci, da makarantun koyon sana'a da ke fitar da masu walda da masu gyaran injina. Akwai kuma abin da ba a gani da ido: manufar da ba ta sauyawa duk lokacin da aka sauya minista, da kotun da za ta tilasta cika yarjejeniya. Maroko ta buɗe tashar Tanger Med a 2007, kamfanin Renault ya buɗe masana'antarsa a kusa da ita a 2012, yanzu motoci suna cikin manyan abubuwan da ƙasar ke fitarwa.

Jarin waje da yankunan masana'antu na musamman suna da amfani?

Suna da shi idan sanin ya tsallaka katanga. Hikimar yankin musamman ita ce, tunda ba za a iya gyara ƙasa gaba ɗaya a lokaci guda ba, a keɓe wuri a wadata shi da wuta da hanya da kwastam mai sauri. Sin ta buɗe guda huɗu a 1980, ciki har da Shenzhen, Mauritius ta yi dokar nata a 1970 ta rage dogaro ga rake, Biyetnam kuma bayan gyare-gyaren 1986 ta jawo kamfanoni irin su Samsung har wayoyin hannu suka shiga sahun gaba a kayan da take fitarwa. Ma'aunin nasara shi ne ko 'yan ƙasa suna hawa matsayin injiniyoyi da manajoji, kuma ko kamfanonin gida suna samun kwangilar kawo kaya, kamar yadda aka gani a labarin Desh a sama.

Habasha ta nuna ɗaya fuskar. Ta buɗe yankin masana'antu na Hawassa a 2016, kamfanonin tufafi suka zo domin arhar ƙwadago da damar shiga kasuwar Amurka ba haraji a ƙarƙashin shirin AGOA. Da aka cire ƙasar daga shirin a Janairun 2022 sakamakon yaƙin Tigray, wasu suka rage ma'aikata, wasu suka tattara nasu ya nasu.

Ina makomar ma'aikata? Ba bautar da talakawa ake yi ba?

Tambaya ce da bai halatta a kauce mata ba. A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka, babban birnin Bangladash, mutum 1,134 suka mutu, bayan an ga tsagewa a bangon tun jajibirin ranar amma aka umarci ma'aikatan ɗinki su koma bakin aiki. Babu wani lissafin bunƙasa da zai wanke wannan. Gaskiya ne cewa aikin masana'anta ya ba miliyoyin mata albashi na kansu a karon farko, kuma sau da yawa ya fi abin da suka baro, amma ingancin gini da ƙofar tsira daga gobara ba su ne ke hana kamfani riba ba. Ko a Ingila sai da aka yi dokokin 1819 da 1833 kafin a hana ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 9 a masaƙu. Haƙƙin ma'aikata bai taɓa zuwa da kansa ba, doka da masu sa ido da ƙungiyoyin ƙwadago ne suke kawo shi.

Muhalli fa?

Hayaƙin da ya turnuƙe Landan a 1952 ya kashe dubban mutane, biranen Sin sun sha fama da gurɓatacciyar iska, kuma rinin masaƙu ya lalata koguna a ƙasashe da dama. Tsaftacewa daga baya ta fi rigakafi tsada. Yanzu ma batun ya shiga ciniki, domin Tarayyar Turai ta fara aiwatar da tsarin da zai ɗora kuɗi a kan ƙarafa da siminti da taki gwargwadon hayaƙin da aka fitar wajen yin su. Ƙasar da ke da rana da iska da koguna tana da damar gina masana'antunta a kan wuta mai tsabta tun daga farko.

Shin ƙofar ba ta rufe ba, tunda ga Sin ga kuma injina masu sarrafa kansu?

Ta ƙuntata, wannan ba a musu. Dani Rodrik na Jami'ar Harvard ya nuna cewa ƙasashe masu tasowa na yanzu suna kai ƙololuwar aikin masana'antu da wuri, suna fara sauka tun ba su yi arziki ba. A Ingila da Jamus masana'antu sun taɓa ɗaukar kashi ɗaya bisa uku na ma'aikata ko fiye, a Indiya da Brazil kuwa ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba. Shi ya sa wasu ke cewa a koma ga ayyukan hidima, suna kafa hujja da kamfanonin kwamfuta na Bangalore. Sai dai irin waɗannan ayyuka masu digiri suke ɗauka, kuma Indiya da kanta ta ƙaddamar da shirin jawo masana'antu a 2014 domin ta san sauran ɗaruruwan miliyoyin jama'arta suna buƙatar aiki.

Duk da haka akwai sarari. Albashi ya tashi a Sin, kamfanoni suna neman sababbin wurare, ɗinki kuma har yanzu yana buƙatar hannun mutum domin ƙyalle yana da wuyar sarrafawa ga inji. Siminti da taki da magunguna da kayan gini suna da kasuwa a ƙasashen da biranensu ke faɗaɗa. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka sanya wa hannu a Kigali a 2018 aka kuma ayyana fara aiki da ita a Janairun 2021, an yi ta ne domin masana'antar da ke ƙaramar ƙasa ta sami kasuwar mutum fiye da biliyan ɗaya. Amfaninta zai dogara ga abubuwan da aka lissafa a amsar da ta shafi lantarki da tashoshin jiragen ruwa, da kuma tsawon lokacin da babbar mota ke ɓatawa a kan iyaka kafin a buga mata hatimi.